Kalmar "ebb" ta Turanci: tambayoyi da amsoshi kan janyewar ruwan teku da dusashewar al'amura

Harafi uku ne kacal a kalmar *ebb*, amma takan ba ɗalibai da masu fassara wahala. Dalili kuwa shi ne a bakin teku aka haife ta, mu kuma yawancinmu kogi da tafki da rijiya muka sani. Ga tambayoyin da suka fi tasowa idan aka ci karo da ita a jarida, ko littafin karatu, ko takardar jarrabawa.

Mece ce ma'anar kalmar a taƙaice?

Ma'ana biyu gare ta, ta farko ce ta haifi ta biyu. Ta asali ita ce janyewar ruwan teku daga gaɓa bayan ya cika, lokacin da yake komawa yana barin yashi da taɓo a fili. Ta aro ita ce raguwar abu sannu a hankali bayan ya yi ƙarfi: ƙarfin majiyyaci, farin jinin ɗan siyasa, fushin jama'a, hasken rana da yamma. Tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau, ba tare da rubutunta ya sauya ba.

Abu uku ne ke ɗamfare da ita ko'ina ta je. Abin da ke raguwa ya taɓa cika, raguwar ba farat ɗaya ba ce, kuma da kansa yake janyewa ba wani ne ya kwashe shi ba. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, to wata kalmar ce ta dace.

Yaya ake furta ta?

Gaɓa ɗaya ce. Gajeren wasalin *e*, sai baƙin *b* irin na "baki", ba mai lanƙwasa na "ɓawo" ba. Amonta ɗaya da kalmar *web* idan aka cire harafin farko.

Wuri uku Bahaushe kan yi tuntuɓe. Na farko, kalmominmu da wasali suka fi ƙarewa, don haka harshe kan ƙara nasa, a ji "ebu" ko "ebi". Leɓe ya rufe a kan *b* ya tsaya nan. Na biyu, a rubutun Hausa baƙi biyu a jere na nufin a nannauya shi, kamar a "babba" da "dabba". Turanci ba ruwansa da wannan, saboda haka *ebbing* da *b* ɗaya ake faɗarta, babu shadda. Na uku, *ebbed* ta shuɗaɗɗen lokaci ita ma gaɓa ɗaya ce, "ebd", ba "ebed" ba.

To me ya kawo b biyu, tunda ɗaya ake furtawa?

Al'adar rubutun Turanci ce. Kalmomi masu ɗauke da cikakkiyar ma'ana ba su cika zama ƙasa da harafi uku ba, ƙanana irin su *in* da *of* da *to* aka bar wa harafi biyu. Shi ya sa ake ninka baƙin ƙarshe a *egg* da *add* da *odd* da *inn*. Ita ma layinsu ta bi.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Tsohuwar kalma ce, ba aro daga Latin ko Faransanci ba. A tsohon Turanci, wanda aka yi kafin Normawa su ci Ingila a 1066, sunan *ebba* ne, aikatau kuma *ebbian*. 'Yan'uwanta na nan a harsunan da ke kewaye da Tekun Arewa na Turai: mutanen Holan na cewa *eb*, Jamusawa na cewa *Ebbe*. Masana tarihin harshe na danganta tushenta da na kalmar *off*, mai nuna rabuwa ko gusawa. Wato tun farko ma'anarta "ruwan da ya tafi" ce. A da har siffa ake yi da ita a ce ruwa marar zurfi, amma wannan amfani ya mutu a daidaitaccen Turanci.

Me ke sa ruwan teku ya cika ya kuma janye?

Wata ne babban dalili, rana na taya shi. Wata na jan duk abin da ke duniya, amma ƙarfin jan na raguwa da nisa. Ruwan ɓangaren da ke fuskantarsa ya fi tsakiyar duniya jin jan, sai ya yi tozo zuwa wajensa. Ruwan ɗaya ɓangaren kuma shi ya fi kowa nisa, jan da yake samu bai kai na tsakiyar duniya ba, sai aka bar shi a baya, shi ma ya yi tozo. Tozo biyu ke nan. Duniya na juyawa, kowace gaɓa ta shiga tozo ta fita sau biyu. Shigar ita ce cikar ruwa, wadda Turawa ke kira *flood* ko *flow*, fitar kuma ita ce *ebb*.

Rana ta fi wata girma nesa ba kusa ba, amma nisanta ya rage mata tasiri a wannan aiki. Ƙarfinta wajen motsa ruwan teku bai kai rabin na wata ba, kusan kashi 46 cikin 100 ne.

Wannan bayanin makaranta ne, ya isa a gane tushen abin. Amma tsayin da ruwa ke kaiwa a kowane wuri ya dogara da siffar gaɓar da zurfin tekun. A Legas tazarar da ke tsakanin cika da janyewa wajen mita 1 ce, a mashigin Kalaba ta fi haka. A Bahar Rum ƙanƙanuwa ce, mai wanka zai iya wuni bai lura ba. A mashigin Fundy na Kanada kuwa tana kai mita 16, wato tsayin bene mai hawa biyar, jirgin kamun kifi da ke yawo a kan ruwa da safe sai a tarar da shi zaune a taɓo da azahar. Mashigin kogin Severn na Birtaniya na biye da shi da wajen mita 14.

Awa nawa janyewar ke ɗauka?

A yawancin gaɓoɓi, daga cika zuwa cika awa 12 ne da minti 25, don haka janyewa kan ci awa 6 da 'yan mintoci. Cika biyu da janyewa biyu na kammala cikin awa 24 da minti 50. Wannan minti 50 ɗin da ya ɗoru ba baƙo ba ne ga duk wanda ya saba duban sama: shi ne jinkirin da wata ke yi wajen fitowa kowane dare bayan ya cika. Idan ruwa ya kai ƙarshen janyewa yau da ƙarfe 9 na safe, gobe sai wajen 10 saura minti 10.

Ba ko'ina lissafin ke tafiya haka ba. Wasu sassan mashigin Meziko cika ɗaya da janyewa ɗaya suke gani a yini. A bakin koguna kuma janyewa ta fi cika daɗewa, domin ruwan kogin na tura na teku waje, yana kuma tare shi idan zai shigo.

Ruwan da gudu ɗaya yake janyewa daga farko zuwa ƙarshe?

A'a, kuma nan ne baƙin teku ke ruɗuwa. Yana farawa a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya sake lafawa a ƙarshe. Matuƙan jiragen ruwa na da ƙa'idar da suke ƙiyasi da ita: a raba tazarar gida 12, a awa ta farko ruwa zai sauka kashi 1, ta biyu kashi 2, ta uku kashi 3, ta huɗu kashi 3, ta biyar kashi 2, ta shida kashi 1.

A ɗauki wurin da tazararsa mita 6 ce, kowane kashi rabin mita ke nan. Bayan awa ɗaya ruwa ya sauka rabin mita kawai, mutum ya duba ya ga kamar ba abin da ya canza. Bayan awa biyu, mita 1 da rabi. Bayan uku, mita 3. Bayan huɗu, mita 4 da rabi. Rabin ruwan gaba ɗaya a awa ta uku da ta huɗu yake tafiya. Yanzu a ce kwalekwale mai inji da ke nutsewa mita 1 cikin ruwa ya tsaya a inda zurfi ya kai mita 4 lokacin cika. Bayan awa uku cif cikinsa zai taɓa ƙasa, kuma ba zai sake tashi ba sai bayan wasu awa shida, idan ruwan ya gama tafiya ya dawo daidai inda ya bar shi. Ƙa'idar ƙiyasi ce kawai, ba ta aiki a inda kogi ko tsibiri ya karkatar da ruwa, kuma iska mai ƙarfi kan ɓata lissafin.

Ebb da low tide abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kodayake ana yawan gwama su. *Ebb* tafiyar ce, *low tide* ko *low water* kuma masaukin ne, wato lokacin da ruwa ya kai iyakar janyewarsa. Kamar bambancin gangarowa daga tudu da isa gindinsa. Idan aka ce *the tide is on the ebb*, ruwa na cikin tafiya. Tsakanin ƙarshen janyewa da farkon cika akwai ɗan lokacin da ruwan ke tsayawa cik, ba shiga ba fita, shi ake kira *slack water*, kuma shi masu ninƙaya zuwa ƙasan teku ke jira.

Kullum janyewar girmanta ɗaya?

Tana bin kwanan wata, kuma mai lissafi da watan Musulunci ya fi kowa sauƙin gane wannan. Idan wata ya ɓuya zai tsaya sabo, da kuma daren 14 zuwa 15 da ya cika, rana da wata da duniya na kan layi ɗaya, jansu ya haɗu. Ruwa ya cika fiye da kullum, ya kuma janye nesa fiye da kullum. Wannan ake kira *spring tide*, kuma ba ta da alaƙa da yanayin shekara mai wannan suna, sau biyu take zuwa kowane wata. Wajen 7 ga wata da 22 ga wata kuwa jan rana na gicciye na wata, tazarar ta ƙanƙance, shi ne *neap tide*. A wurare da yawa mafi girman tazarar kan makara da kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata ko cikarsa.

Ina haɗarin yake, tunda ruwa tafiya yake yi?

Wuri biyu. Na farko a bakin kogi ko mashigi mai ƙunci, inda ruwa mai yawa ke kutsawa ta ƙaramar ƙofa zuwa teku. Gudunsa kan fi ƙarfin mai iyo da mai tuƙi da filafili, ya yi waje da su. Idan kuma iska na kaɗowa daga teku ta yi karo da ruwan da ke fita, igiyoyi kan miƙe tsaye, gajeru masu tsini, su kife ƙaramin jirgi.

Na biyu shi ne yaudarar filin da ruwa ya bari. A gaɓa mai shimfiɗe ruwa kan janye kilomita da yawa, mutum ya bi yashi yana tsintar abin teku, ya manta da agogo. Ruwan ba ta gaba kaɗai yake dawowa ba, yana fara cika kwaruruka da ke bayan mutum, kafin ya farga an yanke masa hanya. Haka ta faru a mashigin Morecambe na Ingila a daren 5 ga Fabrairun 2004, inda aƙalla ma'aikata 21 'yan ƙasar Sin masu tonon ƙumbar teku (wata ƙaramar halittar ruwa mai ɓawo da ake ci) suka nutse. A tsibirin Lindisfarne, a arewa maso gabashin Ingila, akwai titin mota da ruwa ke rufewa sau biyu a yini, ana kafa jadawalin lokutan tsallakawa a bakinsa, duk da haka ana ci gaba da ceto direbobin da suka ƙi dubawa.

Idan ruwan teku ya janye farat ɗaya, shi ma ebb ne?

Ko kusa. Janyewar yau da kullum awa shida take ci, kuma an san lokacinta tun shekara guda kafin ta zo. Idan ruwa ya zuƙe cikin 'yan mintoci har kifi na tsalle a kan yashi, alamar tsunami ce, musamman in an ji girgizar ƙasa. An ga haka a gaɓoɓin Tailan ranar 26 ga Disamban 2004, mutane suka sauka kallo, igiyar ta same su a nan. Turawa *drawback* suke kiran wannan. Abin yi ɗaya ne, a nufi tudu da gudu.

Za a iya amfani da ita ga kogi ko tafki?

Ga ruwan ambaliya, e, ana cewa *the floodwaters ebbed*, kodayake *receded* da *subsided* sun fi yawa a labarai. Ga kogin da ya sauka da rani, ko rijiyar da ta ƙafe, ba ta zauna ba. Tafkin Chadi, wanda ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin ya tsuke ƙwarai lokacin farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, *shrink* ko *recede* ake ce masa. Noman da ake yi a bayan ruwa, kamar dashen masakwa a Borno ko shukar da ake bin danshi da ita a fadamun Haɗeja da Nguru, sunansa a littattafai *flood-recession farming*. Tafkuna na jin jan wata, amma kaɗan ne ainun. Ko manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada motsinsu bai kai santimita 5 ba, balle madatsar Tiga.

Da wace kalmar Hausa za a fassara ta?

Ba kalma ɗaya da za ta ɗauki nauyinta duka, kuma neman ɗaya tilo shi ke ɓata fassara. Ga teku, "janyewar ruwa" ta wadatar. A guji "igiyar ruwa", domin igiya iska ce ke tayar da ita kuma cikin daƙiƙu take zuwa ta wuce, wani abu ne daban.

A ma'anar aro sai a dubi abin da ke raguwa, domin Hausa kowane abu da aikatau ɗinsa. *Her anger ebbed away*, ta huce. *The fighting ebbed*, faɗa ya lafa. *The pain ebbed*, raɗaɗin ya sauka ko ciwon ya lafa. *His strength was ebbing*, ƙarfinsa na ƙarewa, jiki ya fara saki. *Support for the governor is ebbing*, farin jinin gwamna na dusashewa. A nan kada a ce jama'a sun juya masa baya, wannan ya yi kaifi da yawa, yana nuna an yanke shawara an yi, alhali kalmar Turancin zamewa take nunawa, ɗaya bayan ɗaya ba sanarwa. *Hope began to ebb*, an fara fid da tsammani.

Jimlar da ta fi buƙatar hattara ita ce *his life was ebbing away*. Mutumin bai cika ba tukuna, rai ne ke fita a hankali. Wanda ya fassara ta da "rai ya yi halinsa" ya riga labarin, ya kashe mai sauran numfashi. "Yana gargara" ko "rai na shirin fita" sun fi kusa. Wannan salon magana na da tsohon tushe: mazauna gaɓar Birtaniya sun daɗe da camfin cewa mai jinya ba ya cikawa sai ruwa na janyewa.

Me ake nufi da at a low ebb?

Abu ya yi ƙasa ƙwarai, yana cikin mawuyacin hali. Abin lura shi ne a wannan furuci kalmar ta bar ma'anar tafiya ta koma ta masauki. An fi jin sa game da ƙwarin gwiwa, dangantaka, ciniki, lafiya da martaba. Idan na ma'aikata ne ko 'yan wasa, gwiwa ta yi sanyi, ko jiki ya yi la'asar. Idan na ƙasashe biyu ne, dangantaka ta yi tsami. Idan na kasuwa ne, ciniki ya ja baya. *At its lowest ebb* kuma ya kai maƙura, ba a taɓa ganin lalacewa irin ta yanzu ba.

Furucin kusan a daskare yake. *At* ake sawa, ba *in* ko *on* ba. Babu *high ebb* a Turanci, kamar yadda ba a cewa rijiya ta ƙafe har baki.

Ebb and flow fa?

Hawa da sauka mai maimaituwa, kai da komowa. Farashin hatsi misali ne mai kyau: ya faɗi da kaka, ya tashi idan damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, shekara ta zagayo a sake. Haka cunkoson tasha, haka hira da ke zafi ta lafa ta sake ɗaukar wuta, haka wasan ƙwallo da rinjaye ke komawa nan da can. "Faɗi-tashi" na kusa amma ba daidai ba, domin tana ɗauke da wahala da fafutuka, furucin Turancin kuwa ba ya kuka da komai, yanayin abin kawai yake faɗa. Idan maganar rayuwa ce, "wata rana zuma, wata rana maɗaci" ta fi kama shi.

Jerin kalmomin ba ya juyawa, ba a cewa *flow and ebb*. Kuma in suna ne, yawanci abu ɗaya ake ɗaukarsa, aikatau na tilo ke bin sa.

Mene ne bambancinta da sauran kalmomin raguwa?

Kowace da hoton da ke bayanta. *Wane* hoton wata ne a bayanta, raguwarsa bayan daren 15, shi ya sa ta dace da mulki da tasiri da shahara. Ita ce mafi kusa, sau da yawa ana iya musanya su. *Recede* nisa take nunawa, abu na ja da baya daga inda yake, kamar ambaliya ko gashin goshin mai sanƙo. *Subside* sauka ce, ta kumburi, ta zazzaɓi, har ta ginin da ke nutsewa cikin ƙasa. *Abate* ta abu mai tsanani ce, guguwa ko annoba ko hayaniya. *Dwindle* ta abin da ake ƙirgawa ko aunawa ce, kuɗi, abinci, yawan mutane. *Decline* ita ce gama-gari, ta rahoto da alƙaluma, ba ta da wani hoto.

Gwaji mai sauƙi: idan abin zai yiwu a kwatanta shi da ruwa da ke tsiyayewa daga jiki ko zuciya, *ebb* ta zauna. Idan lamba ce za a rubuta, kamar kashi kaza cikin ɗari, a ɗauki *decline* ko *fall*. Idan faɗuwar ta dare ɗaya ce, kamar darajar kuɗi da ta rushe, *collapse* ko *plunge* ake so.

Waɗanne kurakurai aka fi yi da ita a rubutu?

Babba shi ne ba ta karɓau. Aikatau ƙi-karɓau ce, abu ne ke janyewa da kansa. *The medicine ebbed the pain* kuskure ne, sai dai *the medicine eased the pain*, ko *the pain ebbed*. Saboda haka kuma ba a cewa *was ebbed*.

Na biyu, liƙa mata *down*. Abokiyar tafiyarta *away* ce, wani lokaci *from* idan za a faɗi inda abin ya fita, kamar jini daga fuska. Na uku, ɗora ta a kan abu mai tauri ko mutum: gini ba ya *ebb*, tsoho ma ba ya yi, ƙarfinsa ne ke yi. Na huɗu, haɗa ta da kalmar gaggawa irin *suddenly*, wanda ke rushe ma'anar sannu a hankali. Akwai kuma mai rubuta *eb* ko *ebed* da *b* ɗaya.

An ce likitoci ma na amfani da ita. Ta yaya?

A 1942 wani masani ɗan Sikotlan, David Cuthbertson, ya raba yadda jiki ke amsa mummunan rauni gida biyu, ya ara musu sunayen teku. Matakin *ebb* shi ne na farko, kwana ɗaya zuwa biyu bayan haɗari ko ƙuna ko babbar tiyata. Jiki ya yi sanyi, jinin da zuciya ke turawa ya ragu, ƙona abinci ya yi ƙasa, kamar jiki ya tattara abin da ya rage yana tsimi. Aikin masu jinya a lokacin shi ne tsayar da zubar jini, mayar da ruwa da jini, da ɗumama majiyyaci. Sai matakin *flow* ya biyo, zafin jiki ya tashi, bugun zuciya ya ƙaru, jiki ya shiga cin tsokarsa don samun abin gyara. A nan ne ciyarwa mai kyau ke zama magani, in ba haka ba majiyyaci ya rame ƙwarai. Ɗaliban likitanci da na jinya na haɗuwa da wannan rabo har yau a darasin tiyata.

A noma da lantarki kuma fa?

A noman da ake yi ba ƙasa akwai tsarin da ake kira *ebb and flow*. Kayansa: faffaɗan tire da aka jera shuke-shuke cikin tsakuwa, tanki a ƙarƙashinsa mai ruwan da aka narka taki, ƙaramin famfo, da agogon da ke kunna shi yana kashewa. Famfo ya cika tiren na wajen minti 15, ya mutu, ruwan ya tsiyaye ya koma tanki, iska ta bi bayansa zuwa saiwa. Ana maimaitawa sau da yawa a yini, gwargwadon zafi da irin tsakuwar. Ana sa bututu na biyu mai ɗan tsayi don kada tiren ya tumbatsa. Matsalarsa biyu: in mafitar ta toshe saiwa ta kwana cikin ruwa ta ruɓe, in wuta ta ɗauke da tsakar rana tsakuwa ba ta riƙe danshi, shuka ta yi yaushi cikin 'yan awoyi. Duk mai son gwada shi a inda lantarki ba tabbas, sai ya tanadi batir ko sola tun kafin ya sayi iri.

A lantarki kuma, ana datse bakin mashigi, a buɗe ƙofofi ruwa ya shiga lokacin cika, a rufe, a jira teku ya janye, sannan a saki ruwan da aka tsare ta cikin injina. Wannan shi ne *ebb generation*. Tashar La Rance ta Faransa, da aka buɗe a 1966 mai ƙarfin megawat 240, da shi ta fi aiki. Ta Sihwa a Koriya ta Kudu, ta 2011 mai megawat 254, akasin haka take yi, lokacin shigowar ruwa take samar da wuta.

Yaya ake faɗarta da Larabci da Faransanci?

Larabawa na cewa *al-maddu wal-jazru*. *Madd* ita ce cikar, tushenta ɗaya da maddar da ake ja a karatun Alƙur'ani, wato miƙewa. *Jazr* ita ce janyewar, ita ce daidai da *ebb*. A lura jerin ya saɓa, Larabci da cika yake farawa, Turanci da janyewa. Wanda ya yi karatu da Faransanci, kamar a Nijar ko Chadi ko Kamaru, zai san *le reflux* da *la marée descendante*, matuƙan jirgi kuma na cewa *le jusant*. *Le flux et le reflux* shi ne takwaran *ebb and flow*, shi ma da cika ya fara. *At a low ebb* kuwa *au plus bas* ne.

Idan ta fito a jarrabawa, me za a zaɓa?

A tambayoyin WAEC da NECO da JAMB masu neman kalma mafi kusa a ma'ana, a nemi *recede*, *wane*, *subside* ko *decline*. A masu neman kishiya, *flow* ce ta farko, sai *rise*, *surge* ko *increase*, gwargwadon jimlar. Tarkon da aka saba ɗanawa shi ne a sa kalmar da ke nufin ƙarewa ƙurmus, irin *vanish* ko *stop*, kusa da amsar gaskiya. Abin da ke *ebbing* yana nan tukuna, raguwa yake yi.

Ana jin ta a hirar yau da kullum?

Ba sosai ba. Kalmar rubutu ce, ta sharhin jarida da adabi da jawabi, sai kuma bakin masunta da matuƙa. Baturen da ya kai 'ya'yansa bakin teku *the tide is going out* zai ce, wanda kansa ke ciwo kuma ya ce *it's wearing off* ko *it's easing*. Furuci biyun nan, *at a low ebb* da *ebb and flow*, su ne suka shiga bakin kowa, har wanda bai taɓa ganin teku ba yana faɗarsu.